Yadda Za Ka Jefa Ƙuri'ar Hugo Daga Ɗakinka, Da Yadda Za Ka Je Taron Worldcon In Hali Ya Yi

Na daɗe ina ganin tambarin lambar yabo ta Hugo a bangon littattafan ƙagaggun labaran kimiyya, kuma duk zatona wasu manyan farfesoshi ne ke kulle kansu a ɗaki su zaɓi gwani. Ashe masu karatu ne irina da irinka. Duk wanda ya biya kuɗin zama mamban Worldcon, taron da ake bayar da lambar a cikinsa, yana da ƙuri'a ɗaya, ko a Landan yake ko a Damagaram, kuma ba a tambayar takardar makaranta. Wannan jagora ta wanda yake son shiga ce, da farko daga gida, daga baya kuma da ƙafarsa in Allah ya hore.

Mene ne Worldcon tukuna

Taro ne na shekara-shekara na masu sha'awar labaran kimiyya da na almara. An fara shi a birnin New York a 1939 da mutum kusan 200, aka tsaya daga 1942 zuwa 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan bai sake yankewa ba. Ko a 2020 da annobar korona ta rufe duniya, na ƙasar New Zealand a intanet aka yi shi kacokan. Ba shi da mazauni na dindindin. A 1957 ya fara fita daga nahiyar Amurka ta Arewa zuwa Landan, a 2007 ya je Yokohama ta Japan, a 2017 Helsinki, a 2019 Dublin, a 2023 Chengdu ta ƙasar Sin, a 2024 Glasgow, a 2025 Seattle. Na 2026 an ba wa Anaheim da ke jihar Kalifoniya, daga 27 zuwa 31 ga Agusta, na 2027 kuma Montreal ta Kanada a farkon Satumba.

Kada ka haɗa shi da Comic-Con na San Diego, wanda mutum fiye da 130,000 ke cika shi, kamfanonin fina-finai na baje kolin tallarsu. Worldcon yawanci mutum dubbai kaɗan ne, 'yan sa-kai ke gudanar da shi, kuma littafi ne a gaba. Shi ya sa ba a cewa ka sayi tikiti, cewa ake yi ka zama mamba. Kalmar tana da dalili: mamba yana zaɓen Hugo, yana zaɓen garin da za a je nan da shekara biyu, yana kuma iya tsoma baki a zaman gyara dokoki.

Lambar kanta an fara bayar da ita a 1953, ta zama ta kowace shekara daga 1955. Sunan Hugo Gernsback ta ci, mutumin da ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Siffarta roka ce ta ƙarfe, amma gindin da take tsaye a kai kowane taro nasa yake zanawa.

Mataki na farko: sayen zama mamba

Ka shiga shafin taron shekarar da kake so. Kowane taro da nasa shafin da nasa kwamitin, saboda haka rajistar bara ba ta bin ka zuwa bana. Za ka ga zaɓi iri-iri, amma biyu ne suka dame ka. Akwai zama mamban WSFS, wato ƙungiyar da ke riƙe da lambar, wanda a 'yan shekarun nan kuɗinsa kusan dala 50 ne. Wannan shi ke ba ka ƙuri'a. Sai kuma ƙarin kuɗin halarta, na wanda zai je da kansa, wanda yakan kai dala ɗaruruwa kuma yana hawa yayin da taron ke matsowa. Wasu tarukan suna da na uku a tsakiya, na kallon zaman tattaunawa ta intanet. In kana gida, na farkon ya ishe ka.

Wurin biyan kuɗin ne ake shan wahala a wajenmu. Karon farko da na gwada, sau uku katina yana dawo da ni, har na fara zargin shafin, ashe iyakar kashe dala da bankina ya sa ce ta tare hanya. Daga ƙarshe wani ɗan ƙanin babana da ke karatu a waje ya biya, na tura masa naira. In haka za ka yi, ka kula da abu ɗaya: wani zai iya biya maka, amma suna da adireshin imel ɗin da za a rubuta dole su zama naka. Ta wannan imel ɗin za a turo maka hanyar shiga akwatin zaɓe, kuma ba a mayar da zama mamban WSFS zuwa sunan wani. Ka ajiye rasidin da lambar mambanka a inda ba za su ɓace ba. Ka riƙa leƙa akwatin tarkacen saƙonni ma, can wasiƙunsu kan faɗa.

Zaɓen Hugo zagaye biyu ne: a na farko ana gabatar da sunaye, a na biyu a zaɓi gwani daga cikin waɗanda suka tsallake. Ranar da za ka rubuta a bango ita ce 31 ga Janairu. Wanda ya yi rajista kafin ta wuce ne kawai zai iya gabatar da sunaye a zagayen farko. Akwai garaɓasa a nan: mamban taron bara ma yana da damar gabatarwa a bana. Kenan dala 50 ɗinka tana ba ka zaɓen ƙarshe na shekararta da kuma gabatarwar shekara mai zuwa. In watan Janairu ya wuce ka, ba ka yi asara ba, kana iya yin rajista daga baya ka shiga zagaye na biyu.

Mataki na biyu: karatu, tun kafin a buɗe komai

Abin da aka wallafa a shekarar da ta gabata shi ake zaɓa. Hugo na 2027 na ayyukan 2026 ne. Don haka aikin yana farawa tun shekara guda kafin zaɓe. Ka buɗe shafi a wayarka ko ka samu ɗan littafin rubutu, duk labarin da ya tsaya maka a rai ka rubuta sunansa da marubucinsa da inda ya fito. Watan Maris na zuwa za ka gane amfanin wannan, domin labarin da ka karanta a Afrilun bara sai dai ka tuna akwai wani mutum-mutumi a ciki, sunan ya gudu.

Ba sai kana da kuɗin sabbin littattafai ba. Mujallun Clarkesworld da Uncanny da Strange Horizons da Lightspeed da Reactor suna sa gajerun labarai kyauta a shafukansu, kuma yawancin waɗanda ke kai wa zagayen ƙarshe daga irin waɗannan suke fitowa. Clarkesworld har karanta labaran take yi da murya, ka sauke ka saurara a cikin a-daidaita-sahu. A gida Najeriya akwai Omenana, wadda Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa a 2014, tana buga labaran marubutan Afirka.

Rukunan labarai da yawan kalmomi aka raba su, kuma nan ne sabon shiga kan ruɗe. Gajeren labari shi ne wanda bai kai kalma 7,500 ba. Daga 7,500 zuwa 17,500 rukuni ne daban, daga 17,500 zuwa 40,000 wani rukunin, abin da ya haura 40,000 kuma shi ne cikakken littafi. Fina-finai da shirye-shiryen talabijin an raba su da tsawon lokaci: wanda ya wuce minti 90 da wanda bai kai ba. Akwai rukunin littattafan zane, da wasannin kwamfuta, da editoci, da masu zane, da mujallu.

Mataki na uku: gabatar da sunaye

Yawanci ana buɗewa a farkon shekara a rufe a cikin Maris. Takardar fanko ce, ba jerin sunaye ba. A kowane rukuni kana iya rubuta har guda biyar, kuma ba dole ne ka cike duka ba. In gajerun labarai biyu kawai suka burge ka a shekarar, rubuta su ka bar sauran. Mutane da yawa suna ƙin gabatarwa wai ba su karanta komai da komai ba. Babu wanda ya karanta komai. Tambayar ita ce ko abin da ka karanta ya cancanta a ganinka.

Yadda ake ƙirga wannan zagayen yana da ɗan sarƙaƙiya, kuma tarihi ne ya jawo. A 2015 wasu gungu suka haɗa baki suka rubuta sunaye iri ɗaya, suka mamaye rukunai da dama. Sauran masu zaɓe suka fusata, a rukunai biyar suka zaɓi kada a ba kowa. Daga 2017 aka kawo sabon lissafi. Takardarka a kowane rukuni maki ɗaya ce, ana raba shi tsakanin sunayen da ka rubuta. Ana cire masu rauni ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda aka cire daga takardarka, rabonsa yana komawa kan waɗanda suka rage maka. Haka ake yi har a samu shida. Ma'anar wannan a gare ka mai sauƙi ce: rubuta biyar ba ya cutar da gwaninka, amma mutum ɗari da suka kwafi jeri ɗaya ba za su iya cinye kujeru shidan ba.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: dokar ba ta ce sai da Turanci ba. Aiki a kowane harshe ya cancanta a shekarar da ya fito, in kuma aka fassara shi zuwa Turanci daga baya ya sake samun dama. Ta haka littafin Liu Cixin na ƙasar Sin, wanda Ken Liu ya fassara, ya ci lambar a 2015. A bisa doka, labarin kimiyya da aka rubuta da Hausa aka wallafa a intanet ya cancanci a rubuta sunansa. Abin da ya rage shi ne masu zaɓen da suka karanta shi, kuma alƙaluman da ake fitarwa suna nuna cewa a wasu rukunan mutanen da ke kai aiki zagayen ƙarshe ba sa kai ɗari. Marubuta masu tushe a Najeriya sun riga sun taka wannan fage: Nnedi Okorafor ta ci a 2016 da Binti, Oghenechovwe Donald Ekpeki ya kai zagayen ƙarshe a 2022, Wole Talabi a 2023. Amma kada wannan ya sa wani ya tara 'yan uwa ya saya musu rajista don su zaɓe shi. A 2024 masu ƙirga na Glasgow sun gano ƙuri'u 377 na bogi, masu sunaye na ƙarya, suka zubar da su, suka kuma sanar wa duniya.

Mataki na huɗu: kunshin mai zaɓe

Wannan ne, a ganina, ya mayar da kuɗin. Bayan an sanar da sunaye shida-shida, yawanci a wajen Afrilu, kwamitin yana roƙon mawallafa su ba da ayyukan don masu zaɓe su karanta. Sai a tara su wuri ɗaya, mamba ya shiga ya sauke. Ba wajibi ba ne a kan mawallafi, saboda haka wani yakan ba da littafi cikakke, wani babi kaɗan, fina-finai kuma da wuya a samu. Duk da haka, abin da ke ciki in da saya za ka yi ɗaya-ɗaya ya ninka kuɗin rajistar.

Ka nemi wuri mai intanet mai ƙarfi ka sauke a zama ɗaya, domin rukunin littattafan zane da na masu zane suna da nauyi, za su lashe maka datar wata. Inda aka ba da zaɓi, ka ɗauki nau'in EPUB, shi ne rubutunsa ke daidaita da fuskar waya. PDF a ƙaramar waya azaba ce, kana ja kana matsewa har ido ya yi ja. Kuma amana ce aka ba ka. Kada ka tura kunshin a zauren WhatsApp. Mawallafa suna gani, kuma irin haka ne ke sa su janye a shekara mai zuwa.

Wata uku ne kusan a hannunka. Ni da gajerun nake farawa, labarai shida ana gama su a dare biyu ko da an ɗauke wuta, sai masu bi musu, manyan littattafai a ƙarshe. Littafin da na kai shafi hamsin bai kama ni ba ina ajiye shi, wannan ma hukunci ne.

Mataki na biyar: zaɓen ƙarshe

A nan ba dangwale ɗaya ake yi ba, jerawa ake yi: na ɗaya, na biyu, har zuwa inda ka ga dama. In gwaninka ya zo ƙarshe aka cire shi, ƙuri'arka ta koma kan na biyunka, haka har wani ya samu fiye da rabi. Don haka babu amfanin dabara. Ka jera su yadda zuciyarka ta gaya maka.

A kowane rukuni akwai zaɓi na bakwai mai suna No Award, wato kada a ba kowa. Mutane suna kuskure da shi. Ba na wanda bai karanta ba ne. Rukunin da ba ka sani ba, ka bar shi fanko gaba ɗaya. Ana sa shi ne in ka karanta kuma ka ga wasu ayyukan ba su isa a ba su lamba ba: ka jera waɗanda suka cancanta, ka sa shi a bayansu. Kana iya komawa ka sauya jerinka sau nawa ka so kafin a rufe, yawanci a cikin Yuli. Ka duba agogon garin taron, ba naka ba.

Akwai zaɓe na daban da mutane kan manta, na garin da zai karɓi taron nan da shekara biyu. Ana biyan kuɗi dabam don shiga, amma kuɗin ba ya tafiya a banza, shi ne yake zama rajistarka ta WSFS a taron da ya ci, ko wanda ka zaɓa ne ko ba shi ba. Garuruwa suna takara da gaske. Jidda ta nemi na 2022, Chicago ta kayar da ita. Wanda yake son ganin taron ya matso kusa da mu, nan ne wurin maganarsa. Zaɓen gari kuma yana da sakamako: a taron Chengdu na 2023 an cire wasu ayyuka daga takara ba tare da bayani ba, ciki har da littafin R. F. Kuang, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai tsawo da murabus na wasu jami'ai.

In za ka je da ƙafarka

Zuwa da kai ya fi aike, amma biza ce ke yanke hukunci, ba kuɗin jirgi ba. Kafin ka kashe ko sisi a kan halarta, ka karanta dokar ƙasar a shafin ofishin jakadancinta a ranar da kake shiri, domin dokokin shiga Amurka ga 'yan ƙasashenmu suna sauyawa da sauri kuma sun tsananta. Bizar baƙo ta Kanada dalar Kanada 100 ce, da 85 na ɗaukar hoton yatsu, kuma layin yakan yi tsawo, don haka mai son Montreal ya fara watanni da yawa kafin lokaci. Jerin da ya fi aminci shi ne: fasfo mai sauran wa'adi, rajistar halarta, wasiƙar gayyata daga kwamitin taron, ɗakin otal da ake iya sokewa ba asara, neman biza, tikitin jirgi a ƙarshe. Wasiƙar gayyata sai ka rubuta musu ka nema, kuma ba ta tabbatar da biza, shaida ce kawai ta dalilin tafiya.

Ka tambaye su ragi ba tare da jin nauyi ba. Taruka da dama suna da farashi na musamman ga mai zuwa karon farko da matasa, wasu suna yarda a biya kaɗan-kaɗan. Akwai asusun Con or Bust da ke taimaka wa baƙaƙen fata da sauran waɗanda ba Turawa ba su halarci irin waɗannan taruka. In kai marubuci ne ko mai fassara ko mai shirya fim, ka cike fam ɗin masu son yin magana a zaman tattaunawa tun da wuri. Ba a biya, amma sunanka a jadawali yana ƙara wa takardunka nauyi.

A cikin taron, zama goma ko fiye suna gudana a lokaci guda, ba za ka ga ko kashi ɗaya cikin goma ba. Ka zaɓi uku ko huɗu a rana. Abin da bai kamata ya wuce ka ba shi ne ƙaramin zaman shayi da marubuci, inda mutum kamar goma ke kewaye tebur ɗaya su yi hira ta awa guda. Sai an rubuta suna, kuma gurbin yana cika da wuri. Akwai kasuwar littattafai, da baje kolin zane, da daren gasar shigar kwaikwayo, inda mutane ke fitowa da kayan da suka yi watanni suna ɗinkawa. Kada ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izini, wannan doka ce a rubuce. Tsofaffin 'yan taro suna da ƙa'idar shida, biyu, ɗaya: barcin awa shida, cin abinci sau biyu, wanka sau ɗaya a kowace rana. Ka ƙara da naka: ƙaramar darduma a jaka, ka tambayi teburin bayani inda ɗakin shiru yake don sallah, ka kuma nemo gidajen abincin halal na kusa tun kana gida.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan taro ba yana iya gwada ƙafa a kusa. Lagos Comic Con yana gudana a Legas tun 2012, Comic Con Africa kuma a Afirka ta Kudu tun 2018. Yanayinsu ya fi karkata ga zane da wasanni da shigar kwaikwayo, amma za ka koyi yadda ake bin jadawali da yadda ake tunkarar mai zane a teburinsa.

Daren bayar da lamba

Yawanci ana watsa bikin kai tsaye a intanet kyauta. Ka lissafa bambancin lokaci: a watan Agusta Kano tana gaban Kalifoniya da awa takwas, tana gaban Montreal da awa biyar. Bikin da aka fara ƙarfe takwas na dare a Anaheim, ƙarfe huɗu na asuba ne a wajenka, za a kira sallah ana tsakiyar rukunan mujallu, babban littafi kuma shi ake bari a ƙarshe. Ka yi cajin waya tun da rana.

Bayan an tashi, kwamitin yana fitar da takardar alƙaluma. Ka sauke ta. A ciki za ka ga yadda ƙuri'u suka riƙa komawa daga wannan zuwa wancan a kowane zagaye, da jerin ayyukan da suka kusa shiga shida ɗin suka faɗi da ƙuri'a biyu ko uku. Daga wannan jerin nake ɗaukar abin da zan karanta a Satumba, kuma a shafin da ke bayansa nake buɗe sabon lissafin sunayen da zan gabatar a Janairu.